Kan Tsilar Maigidana

Shekara huɗu na yi ina dafa abincin mutum biyu ina ajiyewa a gaban mutum ɗaya. Ɗayan mijina ne, Alkasum magini, ko da yake ba bakina ya kamata ya kama sunan ba. Ɗayar kuwa tsila ce, ta samu wuri a hanjinsa ta baje. Ba ta daka, ba ta zuwa rijiya, amma ita ke fara cin rabonta kafin kowa.

Wanda bai taɓa zama da mai tsila ba sai ya zaci ciwo ne irin sauran, mutum ya kwanta, a zo dubiya, ya tashi ko ya tafi. Ina! Mai tsila da ƙafarsa yake yawo, yana amsa gaisuwa da lafiya lau. Sai dai ya share akushin tuwo ya suɗe hannu, kafin in wanke akushin ya leƙo madafa yana tambaya ko akwai sauran fura. Duk wannan ci kuma, in ya tuɓe riga sai ka ƙirga haƙarƙarinsa daga ƙofar ɗaki. Sannan ga abin da ba a faɗa cikin mutane: gutsattsarinta suna fitowa da kansu, farare masu faɗi kamar ƴaƴan kabewa, suna motsi. A wando, a tabarma, ran nan har a buzun salla. Ni ke tsincewa, ni ke wankewa. Geron da nake dakawa kuwa daga ƙasar Damargu yake zuwa a bayan raƙumi, kuma tun da Annasara suka zauna a nan Agadas suka shiga kwashe raƙuman mutane don ɗaukar kayansu, gero ya zama abin da mace ke aunawa gabanta na faɗuwa. A wannan zamanin ne ni Habsatu nake kiwon tsutsa.

Da yunwar ce kawai, da na haƙura. Abin da ya hana mu sakat shi ne jiri, domin sana'ar mutumin nan a sama take.

Duk bayan ƴan shekaru akan sake yaɓen hasumiyar babban masallaci, doguwar nan da matafiyi ke hangowa kafin ya hango gari. Magina da yawa ke aikin, kowa a kan nasa itacen cikin itatuwan da suka tsiro daga jikinta. Amma can ƙololuwa, inda mutum ɗaya tak ke iya tsayawa, wurin gidan su Alkasum ne. Kakansa ya hau, ubansa Inusa ya hau, shi ma ya hau sau ɗaya da ƙuruciyarsa, kuma da wuya rana ta faɗi bai sako zancen ba. Ka'idar magina ita ce, wanda ya hau a wannan karon, gidansa ne zai riƙe wurin daga nan gaba. In aka cire wa Alkasum wannan, abin da ya rage mai kwaɓa laka ne kamar kowa. Ya san haka, ni ma na sani. To, mutumin da ƙasa ke juya masa in ya miƙe daga tsugune, ina shi ina ƙololuwa?

Ba abin da ba mu sha ba. Na ce mu, don ni ke dafawa, ni ke kwashe abin da ya biyo baya. Filasko ya sha har ya koma wuni a bakin salga. Tazargade ya sha, mai ɗacin da ke sa mutum ya manta sunan uwarsa. Rubutu ya sha, allo nawa ban sani ba. Malamin ya ce iska ce ta bi abinci ta shiga, na ce a raina ban taɓa jin iskar da ake tsincewa a wando ba. Wani Buzu abokinsa ya rantse ruwan gishirin da ake kai dabbobi sha a bayan garin Ingal yana wanke cikin raƙumi tas, maigida ya ɗaura rawani ya bi shi. Kwana goma sha biyu ya yi, ya dawo baƙi ƙirin, leɓe a tsage. Ita kuwa tsilar, ina jin canjin iska ma lafiya ya ƙara mata.

Wanda ya kusa yi shi ne saiwar rumman da aka kawo mana daga lambunan Timiya. Ya sha, ta fito, kamu uku da rabi. Shi ya auna da hannunsa, magini ba ya ganin dogon abu ya ƙyale. Na rangaɗa guɗa, na soya waina na raba sadaka. Wata uku cif, ina kaɗe tabarma, sai ga wani abu fari yana miƙa. Sau uku muka yi haka, sau uku tana dawowa, kullum a wata na uku, ba ta taɓa makara ba. A karo na uku ban yi guɗa ba, akuyata ma ta riga ta bi mai saiwar a matsayin ladansa.

A sansanin Annasara asiri ya tonu. Sun sa an tara magina su ɗaga musu katanga, ba a tambayi kowa ko yana so ba. Katangar ba ta fi tsayin mutum biyu ba. Alkasum yana kai, ya miƙa hannu zai cafe curin laka, sai gari ya juya masa, ya yo ƙasa. Allah ya sa a kan tulin kwaɓi ya faɗa. Ba abin da ya karye, amma Sarkin Magina yana tsaye yana kallo.

Washegari da hantsi tsohon ya zo gidanmu da kansa. Tare suka yi aiki da uban Alkasum, don haka bai tsaya kewaye-kewaye ba. Ina bayan ƙofar zaure ina ji.

"Ɗana, ba ni ɓoye maka," in ji shi. "Bayan damina za a taɓa hasumiya, saura wata huɗu ke nan. Juma'a ta sama zan faɗi wanda za shi hau ƙololuwa, don shi fara shirin itace da igiya."

"Baba, ai na sha magani, ta hita."

"Sau nawa ta hita?"

Tsohon ya amsa wa kansa.

"Sau ukku, kuma sau ukku ta komo, daidai lokacin da za ka kasance can sama. Ni ban iya tsayawa in kalli ɗan Inusa shina faɗowa daga wurin ga. In an tabbatar mini ta tahi ke nan, wurinka ne. In ba haka ba, Bahago za shi hau."

Bahago magini ne mai hannu, mai ladabi, ba ruwansa da kowa. Na wuni ina neman abin da zan zage shi da shi ban samu ba, wannan ma ya ƙara ɓata mini rai.

Wanda ya ɗago Alkasum daga cikin laka ranar nan wani sojan Annasara ne baƙar fata, mutumin Bambara, ana ce masa Saidu. Gemunsa ya fara furfura. Shi ke riƙe wa lokotoronsu, wato likitansu, kaya, shi ke yi masa tafinta, kuma duk Juma'a yana sahu ɗaya da magina a masallaci. Shi ya gaya wa maigida abin da shekara huɗu ba wanda ya gaya mana. Wai duk tsawon nan da ke fita ba shi ne tsilar ba, kai ne tsilar. In kan yana maƙale a hanji, wata uku ya ishe shi ya sake saƙa jiki. Lokotoro yana da magani, yana kuma da wani madubi mai ƙara girman abu da yake dubawa da shi. In ya ga kan, magana ta ƙare. Aka kai wa Sarkin Magina zancen, ya ce shi bai san Annasara ba, amma ya san Saidu. In Saidu ya zo ya ce da bakinsa ya ga kan, ya yarda.

Sai ga maigida yana jan ƙafa, wai maganin mutanen da ba sa salla. Na ajiye taɓarya na dube shi.

"Maigida, ka sha ruwan raƙuma. Ka sha abin da akuya ta ƙi. Wanga ne zai gagare ka?"

Ranar Litinin Saidu ya kawo ƴar kwalba da ƙunshin wani farin gishiri. Ya dubi maigida, ya dube ni, ya gane wurin wa ya kamata ya yi bayani. Hausarsa a guntule take, amma tana fita.

"Uwargida, ji da kyau. Wuni guda ba abinci, sai madara kaɗan. Da sahe shi sha wanga. Rana ta ɗaga, shi sha gishiri. Shi zauna cikin ruwa mai ɗumi, in tsila ta ji sanyi sai ta katse. Kada a ja. Ko kaɗan kada a ja. Abin da ya hito, kawo duka. Lokotoro shina son ganin kai."

Ya ƙara da cewa sau ɗaya ake shan abin, don yana da ƙarfi, in aka maimaita kusa-kusa yana iya taɓa ido. Na ce na ji. Har na maimaita masa ka'idojin ɗaya bayan ɗaya don ya san ba da sakarya yake magana ba.

Wunin Talata, tsare mai tsila daga abinci ya fi tsare akuya daga shanyar gero wahala. Mutumin da ke azumin watan Ramadan ba gunaguni, ranar nan sai da na zauna a kan murfin tukunya. Da azahar ya ce zai je alwala, na bi shi na tarar da dabino uku a aljihunsa. Da la'asar ya ce ai cuku ɗan uwan madara ne. Na ce to ya gaishe shi daga nesa. Ya ce shi bai taɓa ganin mace marar imani irina ba, na ce gobe ma zai ƙara gani.

Laraba da sassafe ya shanye kwalbar, wani abu mai maiƙo, kore-kore, mai warin da ya kori kaji daga tsakar gida. Da rana ta ɗaga ya sha gishirin. Na jawo kwatarniya bayan ɗaki na cika ta da ruwan ɗumi, ya zauna a ciki. Ba a ce mace ta tsaya kan mijinta a irin wannan hali ba, amma kunyar nan tsila ta cinye ta tun tuni. Na juya masa baya, ina ƙara ruwan zafi kaɗan-kaɗan kada ya huce.

Can ya ce, "Habsatu, ta hito, amma ta tsaya. In ɗan taimaka mata?"

"Ka taɓa ta, wallahi yau a gidanmu zan ci tuwo."

Na san hannun magini, ba ya ganin igiya a sake bai ja ta ba. Sai na ɗauko taɓarya na miƙa masa, na ce ya riƙe ta da hannu biyu, in na ji ta taɓa ƙasa na san abin da ya yi. Haka muka yi tun hantsi har rana ta kusa tsakiya, shi yana nishi rungume da taɓarya, ni ina kai da kawowa tsakanin murhu da kwatarniya. Daga ƙarshe ya ce ya ji ta sauka. Na kama shi na kai shi ɗaki, yana cewa komai ya koma masa rawaya.

Na tace ruwan a hankali, na ɗauraye ta, na naɗe ta a cikin ƙwarya. Ta fi duk waɗanda suka gabata tsawo. Gefe ɗaya mai faɗi ne kamar babban yatsana, daga nan tana ta sirancewa, tana ta sirancewa, har ta koma kamar zaren ɗinki. A karo ukun baya ban taɓa ganin wannan siririn ba. Na ce a raina, alhamdulillahi, yau har wutsiya ta fito.

Ina rufe ƙwaryar da faifai sai ga sallamar Yaya Hajara, babbar yayar maigida. Ita ta goye shi da uwarsu ta rasu, kuma har yau gani take bai sauka daga bayanta ba. Ta ɗaga faifan, ta yi salati, ta tambaya ina zan kai. Na ce sansani.

"Ki kai abin cikin ƙanena ga Annasara? Sai dai bayan raina."

A gidan magina akwai wata al'ada. Ba a barin komai na jikin mutum a waje. Gashin da aka aske, farcen da aka yanke, haƙorin da ya fita, duk sai a kwaɓa su cikin laka a yaɓe a bangon gida. Dalilinsu shi ne, mai hawa sama ba sai an harbe shi ba, wani ya samu gashinsa ɗaya ya yi aiki a kai, ƙafa ta zame, shi ke nan. Mai yaɓewar kuma ba ta yin wuri ɗaya, sai ta manna laka a wurare da yawa don kada kowa ya san wanne ne. Ni ba ƴar magina ba ce, ubana baduku ne, amma shekara goma sha ɗaya ina tara musu farce ban taɓa musu ba.

"Yaya, sau ukku kina yaɓe ta a bango, sau ukku tana komowa. Wanga karon ki bari a duba."

"A duba mi? Mutanen da suka ƙwace raƙuma, su za ki ba hanjin mai hawa hasumiya? In sun sa mishi hannu hwa?"

"In ba a kai ba, babu hasumiyar ma!"

Muka yi ta yi, ita ta riƙe bakin ƙwarya, ni na riƙe. Na leƙa ɗaki ko mai abin zai raba mu, ya ɗaga hannu da ƙyar ya ce mu yi yadda muka gani. Maza ke nan. Rana tana yi, Saidu yana hanya, ni kuwa kaina ya ɗauki zafi. Sai wata dabara ta faɗo mini, har na ji daɗin kaina.

"Yaya, tsaya. Kai lokotoro ke son gani, ba wutsiya ba. Ki ɗauki wutsiyar ki yaɓe yanzu, kin riƙe naki ke nan, ba su samu abin duka ba. Ni in kai mishi kan shi gani, in komo miki da shi."

Ta ce to. Na ɗauko wuƙa. Maciji, ƙadangare, tsaka, kunama ma da ba ta da kan kirki, duk abin da Allah ya halitta mai wutsiya, babban gefen ne kai, siririn ne wutsiya. Wannan ko yaro ya sani. Na auna kamu ɗaya daga siririn gefen na datse, na miƙa mata a tafin hannu. Ban ko dube shi ba. Wa ke tsayawa kallon wutsiya?

Da Saidu ya iso na ce da ƙafata zan je, ina son in ji da kunnena. Na ɗora ƙwarya a ka na bi shi, ina tafiya kamar mai kai kayan biki.

Lokotoron saurayi ne ja wur, gumi ya jiƙa masa riga. Ya juye ƙwaryar a wani baƙin faranti, ya zuba ruwa, ya ɗauki ɗan tsinke. Na nuna masa babban gefen da yatsa don in rage masa wahala. Ko kallo bai yi ba. Ya bi jikinta da tsinken yana warwarewa, yana yin wajen da take sirancewa, madubi a ido. Ya tafi, ya tafi, har ya kai inda wuƙata ta bi. Ya tsaya. Ya sake dubawa. Sannan ya ɗago ya yi magana da yarensu.

"Shina tambaya," in ji Saidu, "wa ya sa wuƙa nan?"

"Ni ce. Wutsiya ce kawai na cire. Ga kan nan gabanshi, shi duba mana."

Saidu ya dafe kai da hannu biyu ya yi salati. Ya duƙa ya tsinci ƙwayar yashi a ƙasa ya ɗora a farcensa.

"Uwargida, kanta kamar haka. Ƙarami. Can ƙarshen siririn shike. Wanga babba da kike nunawa, shi ne baya."

Sai na ɓarke da faɗa. Na ce wace irin halitta ce ke ɗaukar kanta a wutsiya? Na ce shekara huɗu tana cin gerona, ashe har a siffa ma munafuka ce. Na juya kan Saidu na ce shi da ya iya cewa kai, kai, mi ya hana shi ce mini ƙanƙane ne?

"Na ce kawo duka, uwargida."

Gaskiya ne, ya faɗa ran Litinin. Har na maimaita masa. Da ƙarya ya yi da na samu abin kamawa.

Lokotoro ya ƙara magana, Saidu ya fassara. Wai tun da har siririn ya fito, mai yiwuwa kan ya biyo shi. Amma sau da yawa wuyan kan tsinke a ciki, kan ya zauna. Sai an gani. Ban tsaya jin sauran ba, na bar musu ƙwaryar na zuba da gudu, mace da girmana, ina ratsa kasuwa zane a hannu.

Na tarar da Yaya Hajara tana wanke hannu. A bangon tsakar gida ga ɗanyen yaɓe wuri bakwai.

"Wanne ne, Yaya?"

"Ba a faɗi."

"Yaya, kan ne na ba ki! Kan ne!"

Sai a lokacin ta gane. Ta zauna a kan turmi ta ce ko ta faɗa ba amfani, ta tattake shi cikin kwaɓin da diddige yadda aka saba, sannan ta raba lakar bakwai. Duk da haka na bi su ɗaya-ɗaya na ƙwaƙule da farce, na zuba a kwatarniya, na narkar da ruwa, na tace da tsumma. Abin da na samu: ƙaiƙayi, kashin awaki, yashi, da ɗigo-ɗigon fararen abubuwa sun fi dubu, kowanne yana iya zama shi. Washegari na kwasa na kai sansani. Lokotoron, ba zan ci haƙƙinsa ba, ya zauna ya duba har wuyansa ya ƙage. Daga ƙarshe ya girgiza kai.

Na ce a ƙara wa maigida magani. Aka ce ba a yi, kuma ko an yi, kai shi kaɗai ba ya nuna kansa sai ya sake yin jiki. Ba abin da ya rage sai jira, wata uku ko huɗu. Juma'a kuwa gobe ce.

A bakin ƙofar sansani na tare Saidu. Ban taɓa roƙon namijin da ba nawa ba sai ran nan.

"Malam Saidu, kai ma ka ji, ya ce mai yiwuwa ya hito. Ka ce ka gani mana. Kalma guda ce."

"Ban gani ba, uwargida."

"Don Allah."

"In na ce na gani, ya hau, jiri ya kama shi, wa ya turo shi?"

Na juya na kama hanyar gida.

Bayan sallar Juma'a Sarkin Magina ya ambaci sunan Bahago. Maigida ya dawo gida, ya rataye rigarsa, ya tsaya yana kallon ramuka bakwai da na yi a bango. Na shirya, ina jiran ya fara. So nake ya yi ihu, ya zage ni, ya ce in tafi gidanmu, in samu abin mayarwa. Sai ya ɗebo ƙasa ya kwaɓa, ya bi ramukan yana cikewa, yana shafewa da tafin hannu har ba a gane wurin.

"Ka yi magana mana!"

"Mi zan ce, Habsatu? Ni ma da ni ne, babban gehen zan ce kai."

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Damina ta zo ta wuce. Kullum da safe ina kaɗe tabarma, ina juya wando, ina duba buzu. Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: nema nake in gani. Ni da na yi shekara huɗu ina tsine mata, na koma ina fatan ta dawo. Domin in ta dawo, to kan yana ciki tun farko, wuƙata ba ta yanke komai ba, Sarkin Magina ya yi daidai, ni ma na fita. Wata uku ya cika, ba komai. Na ce ta makara ne. Wata huɗu, ba komai. Haƙarƙarin maigida suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, wuyansa ya cika, ya daina dafa bango in zai miƙe. Mata suna tare ni a rijiya suna yi mini barka, ina amsawa kamar mai tauna tazargade.

Ranar da aka kai ƙololuwa duk gari ya fito. Mata muna kawo ruwa, maza suna kwaɓi, ana miƙa curin laka hannu zuwa hannu har sama. Maigida yana gindin hasumiya, laka har gwiwa, shi ke curawa yana jefa wa na farko, kuma duk wurin ba mai ƙarfin jifansa. Can sama Bahago ya zama ɗan ƙarami. Da ya kai itacen ƙarshe sai ya tsaya, ya leƙo, ya ƙwala kira yana tambayar yadda marigayi Inusa ke ɗaura igiya a wurin. Maigida ya ɗaga kai, ya sa hannu a baki, ya gaya masa dalla-dalla: zagaye biyu ta ƙasa, ɗaya ta sama, ƙulli ta wajen gabas. Ya daɗe kansa a ɗage, ko gezau, ba jiri ba komai. Sannan ya duƙa ya ci gaba da cura laka.

Da la'asar sakaliya ya dawo, ya yi wanka. Na cika babban akushin nan kamar yadda hannuna ya saba, na ajiye masa. Ya ci rabi, ya suɗe yatsu, ya turo mini sauran.

"Na ƙoshi," in ji shi.

Shekara huɗu ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da zan ji kalmar nan daga bakinsa. Na ɗauki akushin na wuce ta gaban bangon da ya shafe, na kai madafa, na zauna a gaban akushin. Ban san abin da zan yi da sauran tuwon ba.